Mikiya mai farin kai: tambayoyi da amsoshi kan yadda ta kusa ƙarewa ta kuma dawo

Duk wanda ya taɓa juya takardar dala ɗaya ya ga wannan tsuntsuwa, fuka-fukanta a buɗe, kibau a ƙafa ɗaya, reshen zaitun a ɗayar. Tun 1782 take zaune a hatimin Amurka. Amma a 1963 da aka bi jihohi 48 na ƙasar, ban da Alaska da Hawaii, ana ƙirga ta, aure 417 kacal aka samu. Yau adadin ya haura aure 71,000. Masu ba da labarin sukan taƙaita shi su ce an hana maganin ƙwari guda ɗaya mai suna DDT, sai tsuntsuwa ta dawo. Da gaskiya a ciki, sai dai kowane yanki da irin nasa labarin. Wani wuri ba ta taɓa raguwa sosai ba, wani wuri sai da aka ɗauko 'ya'yanta a jirgi daga wata jiha, wani wuri kuma ƙwanta ya ci gaba da fashewa fiye da shekara 30 bayan an hana maganin.

Wace irin tsuntsuwa ce, kuma da gaske sanƙo gare ta?

Ba ta da sanƙo. Sunanta na Turanci, bald eagle, shi ne ke rikita mutane, don kalmar da aka laƙa mata a yau tana nufin mai sanƙo, alhali a tsohon Turanci fari take nufi. Kai da wutsiya farare ne fat, jiki baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa, baki da ƙafafu ruwan ɗorawa. Farin kan ba ya fitowa sai ta kai shekara 4 zuwa 5. Kafin nan jikinta duk ɗabbare-ɗabbare yake, har wanda bai sani ba zai ɗauka wata tsuntsuwa ce dabam.

In ta buɗe fuka-fukai faɗinsu yakan kai mita 1.8 zuwa 2.3, nauyinta kilo 3 zuwa 6 da 'yan kai, mace kuma ta fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kifi ne babban abincinta, shi ya sa ba ta nisa da kogi, tafki ko gaɓar teku. Tana cin agwagin ruwa da zomaye, ba ta kuma ƙyamar mushe, wanda za mu ga yadda yake jawo mata bala'i. A Arewacin Amurka kaɗai ake samunta, daga Alaska da Kanada har zuwa arewacin Meziko.

Tana yin ƙwai 1 zuwa 3, namiji da mace suna karɓa-karɓar kwanci kimanin kwana 35, 'ya'yan kuma su tashi bayan mako 10 zuwa 12. Sheƙa guda suke komawa kowace shekara suna ƙara mata itace. Wata da aka auna a St. Petersburg ta jihar Fulorida a 1963 faɗinta mita 2.9 ne, zurfinta mita 6, nauyinta ya wuce tan 2.

Mene ne ake nufi da "aure", kuma nawa ne adadinsu yanzu?

Kamar yadda masu kiwon tattabaru ke ƙirga nasu, aure ɗaya namiji da mace ke nan masu sheƙa. Masana sun fi dogara da wannan lissafi don sheƙa tana nan wuri guda, ana iya ganinta daga jirgin sama, kuma ita ce ke nuna ko ana haihuwa.

Hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta kiyasta cewa a 1782 masu sheƙa za su kai 100,000. A 1963 aka faɗo aure 417. A 2007 an koma aure 9,789. Rahoton da hukumar ta fitar a watan Maris 2021 ya ce akwai mikiyoyi kimanin 316,700 a jihohi 48, cikinsu da aure 71,400, wato jimillar mikiyoyin ta ninka kiyasin 2009 sau huɗu.

A nan sai an yi hattara kaɗan. Ninki huɗu cikin shekara goma ba duka haihuwa ba ne. A lissafin ƙarshe an haɗa binciken jirgin sama da bayanan da dubban masu sha'awar tsuntsaye ke turawa ta manhajar eBird ta Jami'ar Cornell, don haka an gano wasu da a da ido ba ya kai gare su. Ƙaruwar gaskiya ce, amma ma'aunin ma ya ƙara kaifi. Kuma wannan adadi bai haɗa da Alaska ba, inda hukumar jihar ke kiyasta kimanin 30,000, bai kuma haɗa da Kanada ba.

Me ya kusan ƙarar da ita?

Bindiga ce ta fara, tun kafin a san wani abu wai shi DDT. Makiyaya na zarginta da ɗauke 'yan raguna, masunta na cewa tana cinye musu kifi, ga kuma tatsuniyar cewa tana sure jarirai. An sare manyan itatuwan bakin ruwa da take sheƙa a kai. A Alaska gwamnatin yankin da kanta ta riƙa biyan lada ga duk wanda ya kawo ƙafafun mikiya, daga 1917 har farkon shekarun 1950. An fara da santi 50, daga baya ya kai dala 2, kuma an biya ladan sama da mikiyoyi 120,000. Tsuntsuwar da ke kan kuɗin ƙasa ke nan ake biyan kuɗin ƙasa a kashe ta.

A 1940 majalisar dokoki ta kafa dokar kare ta, ta hana kashe ta, sayar da ita ko taɓa sheƙarta da ƙwanta, amma da farko an tsame Alaska daga dokar. A 1962 aka ƙara da mikiya mai ruwan zinare, dalili ɗaya kuwa shi ne ƙananan mikiya mai farin kai suna kama da ita, maharbi sai ya harbe ya ce kuskure ne. Doka a takarda ba ta hana komai nan take ba. A farkon shekarun 1970 an bankaɗo yadda aka harbe mikiyoyi fiye da 700 daga jirgi mai saukar ungulu a Wyoming da Kolorado don kare garken tumaki, lamarin da ya sa aka tsananta hukunci a 1972.

Sai babban bala'in da ba a gani da ido. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga fesa DDT a gonaki, dazuzzuka da fadamun bakin teku don kashe sauro da ƙwarin amfanin gona. A lokacin kallon abin al'ajabi ake masa, har wanda ya gano amfaninsa, Paul Müller ɗan ƙasar Suwizalan, ya sami kyautar Nobel a 1948.

Wanda ya fara lura da cewa akwai matsala ba farfesa ba ne. Charles Broley ma'aikacin banki ne ɗan Kanada da ya yi ritaya ya koma Fulorida, ya ɗauki hawan dogayen itatuwa da tsanin igiya yana sa wa 'ya'yan mikiya zobe a ƙafa. Tsakanin 1939 da 1949 ya sa wa fiye da 1,000. Daga nan sai ya riƙa hawa yana tarar da sheƙa wayam, ko ƙwai da ya ƙi ƙyanƙyashewa. A 1958 ya bi gaɓar teku fiye da kilomita 160 kafin ya sami ɗa guda da zai sa wa zobe. Da farko manyan suna nan suna shawagi, mai wucewa zai ce lafiya lau, amma babu na baya. Rachel Carson ta kawo labarinsa a littafinta na 1962, Silent Spring, wanda ya tayar da ƙura a kan magungunan ƙwari.

Ta yaya maganin sauro ke fasa ƙwan tsuntsun da ba a fesa masa ba?

DDT ba ya narkewa a ruwa kuma ba ya ruɓewa da wuri, a kitse yake maƙalewa. Ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, ƙananan halittun ruwa su sha, ƙananan kifaye su ci su, manyan kifaye su ci ƙananan. A kowane mataki yawansa a jiki ƙaruwa yake, don abin da ya shiga ba ya fita. Mikiya ce a ƙarshen layi, ita ke kwashe tarin da kowa ya tara.

A cikin jiki yana rikiɗa ya zama wani sinadari da ake kira DDE, wanda ke hana mace zuba isasshen kalsiyam a ɓawon ƙwai. Sai ta yi ƙwai mai ɓawo sirit. Uwar da ta hau kwanci ita ce ke fasa shi da nauyinta, ko kuma ɗan ya mutu a ciki. Shi ya sa aka daɗe ba a gane ba: guba ce da ba ta cika barin gawa a fili ba, zuriya take yankewa.

To hana DDT ɗin ne ya dawo da ita?

Shi ne ginshiƙi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana kusan duk amfani da shi a 1972, Kanada ma ta taƙaita shi a wannan tsakanin. Ba don haka ba, duk sauran ƙoƙarin zuba ruwa a kwando ne. Amma akwai abubuwan da suka tafi tare da shi. Tun 1967 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a kudancin ƙasar. Dokar kare halittu masu gab da ƙarewa ta 1973 ta ba da ikon kare wurin zamanta, ba jikinta kawai ba. A 1978 aka ayyana ta cikin haɗari mai tsanani a jihohi 43, da mai sauƙi a Michigan, Minnesota, Wisconsin, Oregon da Washington. An kuma tsabtace koguna, kifi ya dawo.

A wuraren da ta riga ta ƙare kuwa, hana guba ba zai haifar da tsuntsu daga babu ba. Jihar New York a tsakiyar shekarun 1970 aure ɗaya tak ya rage mata, a bakin tafkin Hemlock, kuma ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa. A 1976 aka aro wata dabara daga masu horar da shaho. Ana ɗauko 'ya'ya daga inda suke da yawa, a sa su a keji bisa doguwar hasumiya ta katako a bakin ruwa, a riƙa ba su kifi ta ɓoye yadda ba za su ga mutum ba, balle su saba da shi. In fiffike ya yi ƙwari sai a buɗe ƙofa. Hikimar ita ce mikiya in ta balaga takan dawo yankin da ta fara tashi ta yi sheƙa. An fara a gandun Montezuma, kuma zuwa 1988 an saki 'ya'ya 198, yawancinsu daga Alaska. Jihar da a da ake biyan lada a kashe mikiya ita ce ta zama rumbun iri. A 1989 New York ta kai aure 10 da ta sa a gaba, yau kuma ɗaruruwa ake maganarsu.

Tsofaffin nan biyu na Hemlock ma ba a bar su haka ba. An riƙa sa musu 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a hannu cikin sheƙa, suka karɓa suka rena kamar nasu.

New Jersey ta yi kusan irin wannan. Sheƙa ɗaya ta rage mata a wata fadama mai suna Bear Swamp. Daga 1982 masana suka riƙa hawa suna ɗauke ƙwan mai siririn ɓawo, su ajiye na bogi, su ƙyanƙyashe na gasken a inji, sannan su mayar da ɗan. Aka kuma kawo wasu daga Kanada. A 2024 an ƙirga aure 293 a jihar, a Janairu 2025 ta cire ta daga jerinta na masu gab da ƙarewa. Ohio na da aure 4 a 1979, ƙidayar 2020 ta sami sheƙa 707.

A matakin tarayya an sassauta matsayinta a 1995, aka cire ta daga jerin gaba ɗaya a 2007.

A wane yanki ta fi yawa?

Alaska da lardin British Columbia na Kanada. Can ba a yi noman da ke buƙatar feshi mai yawa ba, ga dubban kilomitoci na gaɓar teku da tsibirai, ga kifin salmon da ke hawowa koguna ya yi ƙwai ya mutu, abinci a ɓagas. A Alaska ba a taɓa sa ta cikin jerin masu haɗari ba. A kogin Chilkat kusa da garin Haines akwai wani sashe da ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ba ya daskarewa da wuri, kifi na zuwa a makare. Daga Oktoba zuwa tsakiyar hunturu mikiyoyi sukan haura 3,000 a wurin, kuma tun 1982 aka keɓe shi dominsu. A Brackendale ta British Columbia an ƙirga 3,769 a rana ɗaya a 1994.

A cikin jihohi 48 ɗin kuma akwai Minnesota da Wisconsin masu dubban tafkuna. Wisconsin na da sheƙa 108 a 1973, yanzu babu ƙaramar hukuma cikin 72 da ba ta da ita. Mashigin ruwan Chesapeake, kusa da birnin Washington, bai kai aure 100 ba a farkon shekarun 1970, yanzu ana maganar kusan 3,000. Fulorida na da kimanin aure 1,500, kuma nata sun saɓa wa na arewa, da sanyi suke sheƙa, daga Oktoba zuwa Mayu. Hawaii kaɗai ce jihar da ba ta da ita.

Ina ne abin ya yi wuya?

Tsibiran Channel da ke gaɓar kudancin Kalifoniya, kuma a ganina labarinsu ya fi na ko'ina koyarwa. A kusa da Los Angeles akwai masana'antar kamfanin Montrose, ɗaya daga cikin manyan masu haɗa DDT a duniya. Daga 1947 zuwa 1971 ɗaruruwan tan na sinadarin suka bi magudanar ruwa suka kwanta a ƙasan teku. Zuwa shekarun 1960 babu mikiya mai farin kai ko ɗaya a tsibiran. A 1980 aka fara sakin 'ya'ya a tsibirin Catalina, 33 cikin shekara shida. Suka girma, suka yi aure, suka yi ƙwai, ƙwan ya fashe. Doka ta hana feshi, amma ba ta kwashe laka daga ƙasan teku ba. Daga 1989 sai aka koma dabarar ƙwan bogi da injin ƙyanƙyasa, ana sauke mutum da igiya daga jirgi mai saukar ungulu zuwa sheƙar da ke kan dutse. Sai a 2006 ɗa ya ƙyanƙyashe da kansa a tsibirin Santa Cruz, karo na farko cikin fiye da shekara 50, na Catalina kuma a 2007. Shekara 34 ke nan bayan hana maganin.

Rashinta ya janyo wata ɓarnar da ba wanda ya hango. Mai farin kai kifi take ci, kuma ba ta barin wata mikiya ta zauna a yankinta. Da ta gushe, sai mai ruwan zinare ta shigo daga tudu, 'ya'yan aladun da suka koma daji a tsibiran suka zame mata abinci, ta haɗa da wata 'yar ƙaramar yanyawa da babu irinta a ko'ina a duniya. A shekarun 1990 yanyawar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, a tsibirin San Miguel 15 suka rage. Sai da aka kama masu ruwan zinaren aka kai su nesa, aka kawar da aladun, aka dawo da mai farin kai, sannan yanyawa ta farfaɗo, har aka cire ire-irenta uku daga jerin masu haɗari a 2016.

Arizona matsalarta dabam. 'Yan kaɗan ne ke zaune a hamada, a bakin kogunan Salt da Verde. Suna ƙwai tun Janairu da Fabrairu don 'ya'ya su tashi kafin zafi ya yi tsanani, wasu a kan dutse, a 2020 ma an ga sheƙa a kan saguwaro, wani dogon tsiro mai ƙaya mai kama da ƙyarana. Ruwan da suke dogaro da shi kuwa shi ne wurin shaƙatawar mutanen birnin Phoenix. Tun 1978 ake ɗaukar masu gadi su kafa tanti kusa da sheƙa na tsawon watanni, suna mayar da masu kwale-kwale baya, suna ceto ɗan da ya faɗo. Masu rajin muhalli da wasu ƙabilun yankin sun kai ƙara kotu a bar waɗannan cikin jerin masu haɗari, amma a ƙarshe ba su yi nasara ba. Can kudu a Meziko, a Sonora da Baja California, 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma dokar ƙasar har yanzu tana lissafa ta cikin masu gab da ƙarewa.

Tunda an cire ta daga jerin, yanzu ana iya kama ta ko harbinta?

A'a. Dokar 1940 tana nan daram, tare da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura. Laifin farko na iya jawo tarar dala 100,000 da ɗaurin shekara ɗaya. Ko gashinta mutum ya tsinta a ƙasa, bai halatta ya ajiye ba sai da izini. Mai son yin gini ko sare itace kusa da sheƙa ana shawartarsa ya bar tazarar mita 100 zuwa 200, gwargwadon aikin.

Ga ƙabilun asalin ƙasar gashin mikiya abu ne mai tsarki da ake amfani da shi a ibada da bukukuwa. Don haka gwamnati na da wata ma'ajiya a Commerce City ta jihar Kolorado, inda ake tura gawar duk mikiyar da aka tsinta, a rarraba gashin ga 'yan ƙabilun da ke da rajista. Layin yana da tsawo, mai neman tsuntsu sukutum zai iya jiran shekaru. Wannan jira na daga abin da ke ciyar da kasuwar bayan fage. A 2024 wata kotu a Montana ta ɗaure wani mutum wata 46 kan kashe mikiyoyi da sayar da gashinsu.

Me ke kashe ta a yanzu?

Gubar dalma ce ta fi damun masana, kuma mu da muka ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Harsashin dalma in ya shiga jikin barewa tarwatsewa yake ƙanana-ƙanana. Maharbi ya feɗe ya bar kayan ciki a daji, mikiya ta sauka ta ci. Gutsure kamar ƙwayar shinkafa ya isa ya kashe ta. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2022 ya gwada mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38, ya tarar kusan rabi na ɗauke da alamun gubar da ta daɗe tana taruwa a ƙashi. An kiyasta tana rage saurin ƙaruwar mai farin kai da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara. Magani a bayyane yake, harsashin jan ƙarfe. Tun 1991 aka hana dalma a farautar agwagin ruwa, Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga 2019. A sauran wurare maganar takan rikiɗe ta zama rigimar 'yancin riƙe bindiga, sai a tsaya a roƙo da lallashi.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta ɓarke a 2022 ta kashe da yawa, don suna cin mushen agwagin da cutar ta kashe. A gaɓar jihar Georgia yawan sheƙar da ta fitar da 'ya'ya ya faɗi sosai a shekarar.

Akwai kuma wata cuta da ta ɗauki masana fiye da shekara 25 kafin su gano kanta. A 1994 mikiyoyi suka fara mutuwa a tafkin DeGray na Arkansas, ana ganinsu suna karo da duwatsu kamar makafi, in an duba ƙwaƙwalwa sai a ga ramuka. Sai a 2021 aka tabbatar cewa wata ƙwayar halitta ce da ke tsirowa a kan ganyen hydrilla, baƙuwar ciyawar ruwa da ta mamaye madatsun kudu maso gabas. In ta sami sinadarin bromide a ruwa sai ta haɗa guba. Kajin ruwa su ci ciyawar, mikiya ta ci kajin.

Sauran su ne mota, wayar lantarki, maganin ɓera da fankokin samar da lantarki daga iska. A 2022 wani kamfanin irin waɗannan fankoki, ESI Energy, ya amsa laifi a kotu bayan mutuwar mikiyoyi aƙalla 150 a tashoshinsa, aka ci shi fiye da dala miliyan 8.

Shin ba ta yi yawa ba yanzu?

A wasu wurare mutane sun fara faɗin haka. A Unalaska, garin masunta a Alaska, tana cika juji da tashar jiragen ruwa kamar hankaki, lokacin sheƙa kuma har mutane take kai wa sura a ka. Masu kiwon kaji a fili suna kuka, kuma ba su da ikon ɗaga mata hannu. A gaɓar Maine tana cin 'ya'yan wasu tsuntsayen teku da su ma ba su da yawa. A Chesapeake wuri ya cika har faɗan neman sheƙa ya zama ɗaya daga abubuwan da ke jikkata su.

Halinta na ƙwace ba sabo ba ne. Benjamin Franklin, a wasiƙar da ya rubuta wa 'yarsa a 1784, ya kushe ta da cewa ba ta da halin kirki, don takan jira shaho mai kamun kifi ya yi wahala ta ƙwace, ya ce talo-talo ya fi ta mutunci. Ko kukan nan mai ratsa jiki da ake ji a finafinai ba nata ba ne, na wani shaho mai jar wutsiya ne ake ɗora mata, nata siriri ne kamar ƙyalƙyala. Wani abin dariya kuma, duk shekarun nan tana kan hatimi amma babu dokar da ta kira ta tsuntsuwar ƙasa, sai a Disamba 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan hakan.

Muna da irinta a Afirka?

Muna da 'yar uwarta, mikiyar kifi ta Afirka, mai farin kai da ƙirji da jan ciki, wadda ake gani a kogunan Neja da Binuwai, Tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru. Tana kan tambarin Zambiya, Namibiya da Sudan ta Kudu. Ita ma ta ɗanɗana DDT: a tafkin Kariba, inda aka yi feshin ƙudan tsando a Zimbabuwe, an sami ƙwanta da siririn ɓawo. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana maganin a noma, ta bar ƙofa don yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta, musamman sauron zazzaɓin cizon sauro. A yanzu ba a lissafa wannan mikiya cikin masu haɗari.

Waɗanda ke cikin halin da mai farin kai ta shiga a 1963 su ne ungulu da gaggafa. Duk wanda ya girma kusa da kwata ya san yadda ungulu ke cika ta da, ya kuma san yanzu sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. A 2015 aka sa ungulun da muka saba da ita cikin masu gab da ƙarewa, gaggafa kuma ta shiga jerin masu haɗari a 2020. Wani bincike na 2024 kan ire-iren tsuntsaye masu farauta 42 na dazukan Afirka ya sami kusan kashi 90 cikin ɗari suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi muni. Dalilan a nan su ne gubar da ake sa wa mushe, cinikin sassan jikinsu a kasuwar masu magani, da sare manyan itatuwa.

Shekara nawa take yi a duniya?

In ta tsallake shekarar farko, wadda da yawa ba sa tsallakewa, takan yi 20 zuwa 30 a daji. Mafi tsufa da aka tabbatar namiji ne da aka tsinta a gefen titi a garin Henrietta na jihar New York a watan Yuni 2015, mota ta buge shi yana cin zomo. Da aka duba lambar zoben ƙafarsa sai aka ga an sa masa shi ne a 1977. Yana ɗaya daga cikin 'ya'yan da aka ɗauko daga Minnesota aka rena a hasumiyar Montezuma a shekara ta biyu ta shirin. A 1981, bayan namijin tsohon auren nan na tafkin Hemlock ya mutu, shi ne ya maye gurbinsa a sheƙar, ya yi ta renon 'ya'ya a wurin shekara da shekaru. Ya mutu yana da shekara 38.